Muryar mai bege a hannun mai haɗa kiɗa

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shigo mana karkara ba tare da sallama ba, wato yadda samari masu haɗa kiɗa da kwamfuta suka fara ɗaukar muryoyin masu bege da masu zikiri suna ɗorawa a kan kiɗan na'ura, sannan su saki abin a wayoyi ya bi duniya. Shafukan nishaɗi na jaridunmu sukan kawo labarin mawaƙin da ya fitar da sabon kundi ko wanda ya cika dandali da jama'a, amma ban cika ganin an tsaya an tambayi muryar wane ne ke cikin waƙar ba, ko mai ita ya sani, ko kuma an bar masa kalmominsa yadda ya faɗe su. Na ga ya dace in bi ta kan tarihin wani Bature mai suna Michael Cretu, domin yana cikin waɗanda suka fi kowa samun suna da dukiya ta wannan hanya, kuma yawancin rigingimun da nake hange za su taso a tsakaninmu sun riga sun taso a kansa tun a shekarun 1990.

An haifi Cretu a birnin Bukares na ƙasar Romaniya a shekarar 1957, kuma tun yana ƙarami aka sa shi karatun kiɗan Turai na asali, wanda ake koyo a rubuce a hannun malamai. A 1975 ya koma Jamus ta Yamma, inda ya shiga babbar makarantar koyon kiɗa ta birnin Frankfurt, ya kammala a 1978. Daga nan ya shiga situdiyo yana kaɗa fiyano a bayan fage, har ya yi aiki da Frank Farian, mutumin da ya kafa ƙungiyar Boney M, wadda dattawanmu da suka riƙe rediyo a wancan zamani za su tuna da ita. Sunansa ya fara fita ne a matsayin mai haɗa wa wata mawaƙiyar Jamus mai suna Sandra kiɗa, wadda ta yi tashe a 1985, kuma ya aure ta a 1988. Bayan haka ya tare a tsibirin Ibiza na ƙasar Sifaniya, ya kafa situdiyo a cikin gidansa. Na kawo wannan duka ne domin a gane cewa mutumin ba ɗan koyo ba ne da ya faɗa wa abin da bai sani ba. Gwani ne da ya san sana'arsa ciki da bai, kuma abin da ya yi daga baya ya yi shi ne ido buɗe.

A ƙarshen 1990 ya fitar da wani kundi a ƙarƙashin sunan Enigma, bai ma sa sunansa na gaskiya a fili ba, sai wani laƙabi da ya ɓuya a bayansa. Abin da ya sa kundin ya bambanta da duk abin da ke kasuwa a lokacin shi ne rerawar ibada ta mabiya ɗariƙar Katolika, wadda ake dangantawa da Fafaroma Giregori na farko, wanda ya riƙe muƙamin daga shekarar 590 zuwa 604. Wannan rerawa da harshen Latin ake yin ta, da muryoyi kawai ba tare da ko ganga ɗaya ba, kuma ruhubanawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna yin ta a lokutan addu'o'insu na dare da rana. Cretu bai tara mawaƙa ya ce su rera masa ba. Ya ɗauko wani faifai ne da wata ƙungiyar mawaƙa ta birnin Munik mai suna Capella Antiqua ta naɗa a 1976, ya sa shi a na'urar da ke yankar sauti, wadda takan ciri guntun murya ta adana, a maimaita shi sau nawa ake so, a ja shi ko a matse shi har ya hau kan bugun ganga. Ya ciri kalmomin ibadar da ake rerawa a jerin gwanon coci, ya shimfiɗa musu kiɗan rawa a ƙasa, sannan ya sa muryar mace tana raɗa da numfarfashi cikin Faransanci, tana yi wa wani marubucin Faransa na ƙarni na 18 tambayoyi, mutumin da ya yi ƙaurin suna wajen rubutun batsa da mugunta. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a ƙasashe da dama, har da Jamus da Ingila, aka sayar da miliyoyin kwafi, aka riƙa juyinta a gidajen rawa.

Masu muryar sun gane muryarsu a cikin waƙar. Aka shigar da ƙara, daga bisani aka sasanta a wajen kotu bayan an amince za a biya diyya. To amma kuɗin da aka biya na murya ne, kuma babu kotun da ta yi magana a kan ɗaya ɓarnar, wato cewa kalmomin da aka tsara domin mutum ya rusuna a gaban abin bautarsa an mayar da su yajin waƙar sha'awa. Ni Musulmi ne, ibadar Katolika ba tawa ba ce, amma na san abin da mai ibada yake ji idan ya tsinci addu'arsa a inda bai ajiye ta ba, kuma Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Labari na biyu ya fi taɓa ni, domin mutumin da abin ya shafa manomi ne kamar iyayenmu. Difang da matarsa Igay 'yan ƙabilar Amis ne, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na tsibirin Taiwan, kuma an san su a yankinsu da iya waƙoƙin dattawa na gargajiya. A 1988 aka tafi da su Faransa cikin wata tawagar nuna al'adu, wata cibiyar al'adu ta birnin Faris ta naɗi muryarsu ta fitar a faifai. Wannan faifai ne ya faɗa hannun Cretu, ya ciri muryar dattijon ya gina wata waƙa a kanta, wadda ta fito a kundinsa na biyu a 1993, ta kuma zagaye duniya a 1994. Waƙar da dattijon ya rera ba ta ibada ba ce, ta taron dattawa ce, amma abin da ya same shi shi ne ainihin abin da nake jiye wa masu begenmu. Ba a sa sunansa ba, ba a sanar da shi ba, yana can yana nomansa har aka yi amfani da waƙar wajen tallar wasannin Olamfik na birnin Atlanta a 1996. A 1998 shi da matarsa suka kai ƙara, aka sasanta a 1999, kuma daga nan aka fara rubuta sunayensu a jikin waƙar. Cretu ya ce shi ya ɗauka muryar ba ta da mai ita, irin kayan gargajiyar nan ne da kowa ke iya ɗiba. Dattijon da matarsa duk sun rasu a 2002, wato shekara uku kacal suka yi a duniya bayan an yarda cewa muryar tasu ce. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma hujjar da Cretu ya kawo ita ce dai hujjar da nake ji a bakin samarinmu a yau, cewa ai bege na kowa ne.

Adalci ya sa in faɗi abin da masu kare shi suke faɗa, domin maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa da bai yi abin da ya yi ba, da miliyoyin matasa ba su taɓa jin wannan rerawa ba, kuma suna kafa hujja da cewa a 1994 an sake fitar da tsofaffin naɗe-naɗen ruhubanawan gidan ibada na Santo Domingo de Silos da ke arewacin Sifaniya, muryoyi zalla babu kiɗa, aka sayar da miliyoyin kwafi har a Amurka. Na yarda cewa kunnen da ya ɗanɗani guntu yana iya neman cikakke. Sai dai wannan amfani, ko da ya tabbata, ba ya wanke ɗaukar abin mutum ba da saninsa ba, kuma babu abin da zai hana a samu amfanin nan da an je an yi sallama an nemi izini tun farko.

Tun kafin Cretu ma an taɓa mu kai tsaye. A 1981 wasu mawaƙa biyu, Brian Eno da David Byrne, suka fitar da kundin da suka gina da muryoyin da suka tsinto daga rediyo da tsofaffin faifai, kuma a cikinsa akwai karatun Alƙur'ani mai girma na wasu Musulmin Aljeriya da suka ɗora a kan kiɗa. Wata majalisar Musulmi ta Birtaniya ta nuna rashin amincewa, aka cire wannan ɓangare daga bugun da suka biyo baya. A 2008 kuma kamfanin Sony ya jinkirta fitar da wani wasan kwamfuta a duniya baki ɗaya, saboda an gano akwai lafuzzan Alƙur'ani a cikin wata waƙa da ke ciki, kuma mai waƙar, Toumani Diabate na ƙasar Mali, Musulmi ne. A kan Alƙur'ani ba ni da dogon bayani, domin ban san wani malami a ƙasar nan, na ɗariƙa ko na Izala, da ya yarda a shimfiɗa wa aya kiɗa ba, kuma ina fatan duk yaron da ke zaune gaban kwamfuta ya san wannan iyaka tun kafin ya san sauran.

Idan muka dawo gida, begen Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya daɗe a ƙasar Hausa fiye da kowace na'ura. Ishiriniya ta Alfazazi, malamin Andalus da ya rasu a 1230, da Burda ta Imam Busiri na Masar, su ne abin da zaurukanmu da masallatanmu ke raya dare da su a watan Rabi'ul Awwal. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u sun yi waƙoƙin yabon Manzo, kuma Infiraji ta Aliyu Namangi na Zariya ta shiga bakin makafi da almajirai har ta isa ƙauyukan da littafi bai isa ba. Ita ma ganga ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin 'yan Ƙadiriyya a Kano, ƙarƙashin Shehu Nasiru Kabara wanda ya rasu a 1996, sun shahara da bandiri a majalisinsu da maukibinsu, kuma an yi muhawara mai zafi a kan haka tsakanin malamai. Daga baya wasu ƙungiyoyin mandiri a Kano suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin fina-finan Indiya suna zuba musu kalmomin yabo, sannan fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin birni, sha'irai suka koma naɗar bege da shi. Hukuncin kiɗa a cikin bege magana ce ta malamai, sun yi ta kuma suna kan yi, ni ba zan sa baki a cikinta ba. Abin da nake so a lura da shi shi ne, a duk waɗannan sauye-sauye mai bege yana nan a wurin da kansa. Shi ya zaɓi karin, shi ya tsaya gaban makirfo, shi ya san inda baiti ya fara da inda ya ƙare, kuma idan an yi kuskure an san wanda za a kira a yi wa gyara.

Sabon abin da ya shigo shi ne yanka, irin wanda Cretu ya yi. A yau yaro mai ƙaramar kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio da farantin sola a kan rufin ɗakinsa yana iya yin abin da a 1990 sai mai situdiyo na miliyoyi. Ba ya buƙatar ya san mai begen, ba ya buƙatar ya je maulidin, abin da yake nema kawai shi ne wani ya turo masa naɗin a WhatsApp. A wani ƙauye da ke maƙwabtaka da mu akwai wani dattijo makaho da ya haddace Ishiriniya da baitoci masu yawa na Hausa, wanda ake zuwa ɗauka a kan babur duk lokacin maulidi ko saukar karatu, kuma Allah ya ba shi muryar da idan ya ɗaga ta a tsakar dare har matan cikin gida sukan bar abin da suke yi su saurara. Wani yaro ya naɗe shi da waya a wurin maulidi, ya tura wa abokinsa mai situdiyo a birni. Bayan ɗan lokaci sai ga muryar ta dawo mana a katin memori ta hannun masu tura waƙa a kasuwa, an ciri rabin baiti ɗaya ana ta maimaita shi, an matse muryar ta yi sauri, an bi ta da na'urar gyaran murya har ta yi ƙarfe-ƙarfe, an zuba mata kiɗa mai nauyi. Da kunnena na ji masu kiɗan biki sun sa ta a wurin kamu, 'yan mata suna rawa ana yi musu liƙi. Da aka kunna wa dattijon a shagon caji, bai tambayi kuɗi ba. Cewa ya yi, ina sauran baitin, domin rabin da aka ɗauka sharaɗi ne, jawabinsa yana cikin rabin da aka yar. Na san yaron da ya yi naɗin, kuma na tabbata ba da mugun nufi ya yi ba, don ƙaunar muryar ya yi. Amma kyakkyawar niyyarsa ba ta hana a mayar da dattijon abin rawa a gaban jikokinsa ba.

Tambayar dattijon ita ce zuciyar maganar, kuma tana da dalili na sana'a wanda masu haɗa kiɗa sun fi ni sani. Kiɗan kwamfuta a kan ma'auni yake tafiya, bugu huɗu huɗu ne da ke dawowa daidai wa daida, ba ya jira kuma ba ya numfashi. Shi kuwa bege a kan numfashin mai yi da karin waƙar yake tafiya, yana jan madda inda ma'ana ta nemi a ja, yana tsayawa inda magana ta cika, yana barin 'yan amshi su karɓa kafin ya ci gaba. Idan aka haɗa su, dole ɗaya ya bi ɗaya, kuma da yake gyara murya a kwamfuta ya fi sauƙi a kan sake gina kiɗa, kusan kullum muryar ce ake yi wa aski. A waƙar soyayya wannan ba komai ba ne, amma a zikiri yana iya kaiwa ga abin da ba a fata. Kalmar shahada kanta gaɓa biyu ce, korewa da tabbatarwa, kuma yaron da bai yi karatu ba, idan ya ga gaɓar farko ce ta dace da bugunsa, ya cire ta yana maimaitawa ya bar ta biyun, to ya juya maganar gaba ɗaya ba tare da ya sani ba. Haka kuma wurin da ake sauraro yana cikin ma'anar abin da ake sauraro. Baitin da aka rera a zawiya bayan wazifa, mutane suna zaune da alwala, idan ya koma filin rawa ya zama kamar ƙyauren masallaci da aka ɓalle aka kafa a ƙofar shago: katakon bai canza ba, amma duk wanda ya san inda aka ciro shi ba zai ji daɗin ganinsa a nan ba.

Ba ina cewa haɗa muryar ibada da na'ura ba ya yiwuwa cikin mutunci ba ne. A shekarar da Cretu ya fitar da kundinsa na farko, wato 1990, shahararren mai ƙawali na Pakistan, Nusrat Fateh Ali Khan, wanda gidansu ya gaji waƙoƙin Sufaye na yabon Allah da Manzonsa, ya yi aiki da wani mai haɗa kiɗa ɗan Kanada mai suna Michael Brook. Bambancin shi ne Nusrat da kansa ya shiga situdiyon, sunansa ne a jikin kundin, kuma ya ci gaba da yin ƙawalinsa na asali a gida da waje har rasuwarsa a 1997. Duk da haka, da aka ɗora muryarsa a kan wani fage na tarzoma da zubar da jini a wani fim na Amurka a 1994, ya nuna ɓacin ransa a fili. Idan mai suna irin wannan, wanda ke da kamfani da lauyoyi a bayansa, bai tsira daga a kai muryarsa inda bai so ba, ina ga makahon da ko waya ba shi da ita?

Akwai kuma maganar haƙƙi, wadda mutanenmu na karkara ba su san suna da shi ba. Gaskiya ne Alfazazi da Busiri sun rasu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma babu wanda zai ce baitocinsu mallakarsa ne. Amma rerawar da mutum ya yi da bakinsa tasa ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi haƙƙin mai gabatar da waƙa a kan naɗar muryarsa da yaɗa ta, ta kuma tanadi kariya ga fasahohin gargajiya na al'umma. Masu ɗora waƙa a YouTube suna samun kuɗi idan masu kallo sun yi yawa, masu kiɗan biki ana biyansu, masu tura waƙa suna karɓar nasu a kan kowane kati, amma wanda muryarsa ta jawo cinikin yana komawa gida da abin da aka ba shi sadaka a daren maulidi. Wasu za su ce mai bege don Allah yake yi, bai kamata ya nemi lada a wurin mutane ba. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma shi ke da ikon yafewa, amma ba hurumin wanda ya ci riba da muryar ba ne ya yafe wa kansa a madadinsa. Abin ya fi muni idan aka zo kan mata. Ɗaliban Islamiyyar matan aure sukan yi waƙoƙin yabo a walimarsu a tsakaninsu, cikin gida, kuma na ji irin waɗannan muryoyi suna yawo a TikTok da kiɗa a ƙarƙashinsu, alhali ba a tambaye su ba, ba a tambayi mazajensu ko malamansu ba. A ƙauye irin wannan yana iya girgiza aure, yana kuma iya sa a hana mace komawa makaranta, kuma wanda ya yi yankan a birni ba zai taɓa jin labarin abin da ya jawo ba.

Ga ƙannena da 'ya'yana masu wannan sana'a, ina alfahari da ku, domin da yawanku ba wanda ya koya muku, da waya da naci kuka koya, kuma sana'ar ta hana ku zaman banza. Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. Idan murya ta burge ka, nemi mai ita, ka hau babur ka je har gida ka gaishe shi, ka faɗa masa abin da kake son yi, ka kunna masa idan ka gama kafin kowa ya ji. Ka rubuta sunansa da garinsa a gaba da naka, ku yi magana a kan rabonsa a gaban shaidu. Ka kai baitin wurin malamin da ya san Larabci ko ya san waƙar, ya nuna maka inda magana ta cika, sannan ka gina kiɗanka ya bi numfashin mai begen, ko da hakan zai ci maka ƙarin kwanaki. Idan ya ce bai yarda ba, ka haƙura, domin mutumin da ya shafe shekaru yana tashi cikin dare yana tilawar baitocin nan ya fi ka sanin abin da suka dace da shi. Cretu da duk gwanintarsa sai da aka kai shi ƙara sau biyu a kan abin da sallama da neman izini za su iya kashewa tun farko.

Iyayenmu malamai da shugabannin zawiyoyi su ma ina ganin akwai abin da ya rage musu. Tsawa daga kan mumbari ba ta isa ɗakin da yaron yake aiki, kuma idan aka kore shi gaba ɗaya zai ci gaba da yi ne ba tare da mai gyara masa ba. Da za a riƙa sanarwa a farkon kowane maulidi ko an yarda a naɗa ko ba a yarda ba, a kuma ware wanda samari za su riƙa kai wa aikinsu ya saurara kafin su saki, da an rage ɓarna mai yawa. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya sa ido a kan situdiyoyin birni, amma ba na jin akwai hukumar da za ta iya bin kowane kati a kowace kasuwar ƙauye, don haka gyaran sai ya fito daga cikinmu.

Wani abin da ke damuna shi ne, idan aka ci gaba a haka, yankakken naɗin ne zai saura, cikakken ya tafi da masu shi. Dattawan da suka riƙe tsofaffin karuruwan Ishiriniya, waɗanda suka bambanta daga gari zuwa gari, suna ƙarewa, kuma yawancinsu babu wanda ya taɓa naɗarsu daga farkon ƙasida zuwa ƙarshenta. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da gidan Rediyon Jigawa, duk suna da ɗalibai da kayan aikin da za su iya shiga ƙauyuka su naɗi waɗannan muryoyi cikakku, da izinin masu su, da sunayensu da silsilar waɗanda suka koya musu. Sai dai a yi hattara da abin da ya sami Difang, domin shi ma cibiyar al'adu ce ta naɗe shi da sunan adanawa, kuma daga faifanta muryar ta fita. Duk wanda zai adana, ya rubuta a fili cewa ba a yanka ba a ɗora wa kiɗa sai da yardar mai murya ko magadansa, a kuma bar wa iyalinsa kwafi a hannunsu.

Daga ƙarshe, ya Edita, ina roƙon jaridarku ta turo wakili idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, ya zaga kasuwannin Gujungu da Maigatari da Shuwarin, ya zauna a rumfunan masu tura waƙa ya saurari begen da aka fi nema, ya tambayi muryar wane ne a ciki, sannan ya bi sawu har gidajen masu ita ya ji ta bakinsu, ya kuma ji ta bakin samarin da suka haɗa kiɗan. Idan kuka buga abin da ya samo, ina roƙon ku sa sunayen dattawan da garuruwansu, da hotunan waɗanda suka amince a ɗauke su.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makarantar firamare,
Ƙaramar Hukumar Jahun, Jihar Jigawa.